Maƙeran Wuƙa a Ƙasar Arewa

A ƙasar Arewa, wato yankin Dogon Dutsi da Tibiri inda Lugu take, garin da Sarauniya Mangu ta yi tsayayya da rundunar Faransa a 1899, maƙeri yana cikin waɗanda maharbi da mahauci da wanzami ba sa iya sana'arsu sai da shi. Maƙeran baƙi, wato masu sarrafa baƙin ƙarfe, a da tama suke narkarwa, yanzu kuwa tsohon ƙarfen mota suke gasawa a garwashin gawayin ƙirya, yaro yana zuga, maigida yana riƙe da awartaki yana bugu a kan uwar maƙera har ruwan wuƙa ya miƙe. Gwanintar tana wajen tsoma ƙarfen a ruwa, domin idan aka yi gaggawa sai ya tsage, idan aka makara kaifinsa ba ya daɗewa, kuma launin ƙarfen ne kaɗai ma'auninsa. A Turai da Amurka wasu masu tara wuƙaƙe suna neman wadda tambarinta ya kauce a masana'anta saboda ƙarancinta, alhali a nan kowace wuƙa da irin sawun masabarta, har dattijo kan zare ta daga kuben da baduku ya ɗinka ya faɗi gidan da aka ƙera ta.