Hoto Mai Faɗi da Gawon Waca

Manyan masu ɗaukar hoto na Afirka ta Yamma, irin su Malick Sidibé a Bamako da Philippe Koudjina a Yamai, sun bar mana fuskoki da tufafi da bukukuwa. Ƙasar da mutanen ke nomawa kuwa ba ta samu shiga ba. Kyamara irin Rolleiflex hotonta santimita 6 ne kowane gefe, guda 12 a naɗin fim: ma'aunin mutum ke nan, gona ta fi ƙarfinsa.

Da aka so tabbatar da cewa manoman Magarya, Matamaye da Mirya sun maido da gawo a gonakinsu bayan farin 1984, hotunan jirgin sama na 1975 aka gwama da na tauraron ɗan Adam. Shaidar ta inganta, amma daga sama ba a ganin manomi.

Tsohuwar kyamara irin Fuji G617 na iya cike giɓin: santimita 6 a tsaye, 17 a kwance, hoto 4 kacal a naɗi, abin da ke tilasta natsuwa. A Waca faɗinta zai haɗa gero da gawo da rumbu. Sai dai faɗi kan yaudari mai hoto ya jira mutane su gushe, fili ya fito tamkar ba shi da mai shi, alhali hannu ne ya raini itatuwan.

Ya kamata ƙungiyoyinmu su riƙa ɗauka daga wuri guda, da damina sa'ad da gawo ya zubar da ganye, da rani sa'ad da ya yi kore, kuma mai gona na tsaye a ciki.