Nazari kan Sauya Aksul ɗin Gaba a Motocin Dajin Iyakar Jibiya

Garin Jibiya na Jihar Katsina yana kan hanyar da ke bi ta Magama ta tsallaka zuwa Ɗan Isa da Maraɗi a Jamhuriyar Nijar, amma kwalta kaɗan ce daga cikin hanyoyin da jama'ar yankin ke bi, domin ƙauyukan ɓangarorin biyu suna haɗe ne da turbobin rairayi da kwazazzabai da ruwan damina ke zaizaya kowace shekara. A irin wannan ƙasa darajar a-kori-kura tana ga ƙafarta, wato tarin ƙarafan da ke riƙe da tayoyi suna ɗauke da nauyin mota.

Ƙafar gaba iri biyu ce. Ta farko ita ce aksul dunƙulalle, wato bututun ƙarfe guda ɗaya da ke haɗa tayar dama da ta hagu, ta yadda idan ɗaya ta hau tudu sai ta danna 'yar'uwarta ƙasa, dukansu su ci gaba da kama hanya. Ta biyu ita ce wadda kowace taya ke motsi ita kaɗai a kan hannuwan ƙarfe da boljoyin, wadda ta fi laushin tafiya a kwalta, sai dai gaɓoɓinta sun fi yawa, kuma kowace gaɓa tana da robar da ƙura da zafi ke cinyewa. Kamfanin Toyota ya fito da Hilux mai jan ƙafa huɗu a 1979 da aksul dunƙulalle, ya sauya ta zuwa ƙafa mai zaman kanta a kasuwar Amurka a 1986, ƙasashe da dama kuma suka ci gaba da samun tsohon tsarin har zuwa 1997. Land Cruiser jerin 70, wadda ta fito a 1984, ba ta taɓa rabuwa da shi ba, kuma ire-iren waɗannan motoci ne suka yi suna a hamada a yaƙin Chadi da Libiya na 1987.

Al'adar yanke sabuwar ƙafa a mayar da tsohuwa ta bunƙasa ne a Amurka, a hannun masu hawan duwatsu don nishaɗi, waɗanda suka ga sababbin motoci suna ɗaga taya sama a inda tsofaffi ke liƙewa. Aikin ba ƙarami ba ne. Ana yanke maƙalan tsohuwar ƙafa daga shasi, a yi waldar sababbin marataya na sifirin, a ɗaura aksul, a sake tsarin sitiyari, a ƙara tsawon furofelar gaba da bututun birki, sannan dole ne haƙoran giyar aksul ɗin gaba su yi daidai da na baya, in ba haka ba da zarar an saka ƙafa huɗu tayoyin gaba da na baya za su yi ta ja-in-ja har wani abu ya karye.

Buƙatar direban iyaka daban take da ta mai wasan duwatsu, domin shi lodi ne damuwarsa, da yashi, da kuma tambayar wanda zai gyara masa mota idan ta tsaya nesa da gari. Shi ya sa al'adar da ta kafu a garejojin Arewa, tun zamanin a-kori-kurar Fijo 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna, ita ce ƙarin sifirin a baya: bakanike ya kwance noti na tsakiya, ya ware ganyayen ƙarfen, ya ɗauko wani ganyen na gwanjo ya yi ta dukansa da guduma a kan maƙera har ya lanƙwashe daidai da sauran, ya cusa shi a tsakani, mota ta tashi da gindi sama tana jiran buhuna. Rufe iyakokin ƙasa a watan Agustan 2019, da sake rufe ta Nijar a 2023 bayan juyin mulkin Yamai, sun tura zirga-zirga da yawa zuwa hanyoyin daji, lamarin da ya ƙara wa wannan sana'a kasuwa, ya kuma ƙara wa motoci wahala.

Ta wannan fuska aksul dunƙulalle yana da hujja mai ƙarfi, saboda ganyen sifirin da ya karye ana iya ɗaure shi a lallaɓa zuwa gari, alhali boljoyin da ya tsinke yakan kwantar da taya nan take. Amma ƙwarewar ƙarin sifirin ba ta wadatar a aikin gaba, inda sitiyari yake. Akwai abin da ake kira kasta, wato ɗan jinginar da madogarar juyawar taya ke yi zuwa baya, wanda shi ke dawo da sitiyari tsakiya bayan kwana. Idan aka yi waldar marataya da ƙiyasin ido wannan ma'auni ya kauce, motar takan kama karkarwa mai tsanani a guje, kuma ƙarin tsayin da aikin ke jawowa yana sauƙaƙa kifewa idan an lafta kaya da fasinjoji a sama. Rayukan 'yan kasuwa da mata da yara ne ke kan wannan walda, kuma hakan ya isa a ɗauki batun awo da muhimmanci.

Ga mai Hilux da ke yawan bin kwalta tsakanin Katsina da Maraɗi, gyara ƙafar asali da kayan kirki daga kasuwa irin ta Ƙofar Ruwa a Kano ya fi sauƙi da aminci. Wanda kuwa aikinsa na daji ne zalla, sayen tsohuwar Land Cruiser da aka ƙera da aksul ɗinta ya fi masa yanke shasi, sai fa idan ya sami bakaniken da ke aiki da ma'auni kuma zai gwada motar ba kaya kafin a ɗora mata mutum.