Mai Facin da Ya San Gindin Bawul

A bakin titin da ya ratsa Tsafe ya nufi Gusau, inda mutanen 'Yankuzo kan kai mota faci, ba a gane gwani da ƙarar injin iskarsa. Tsaya ka ga inda zai fara cusa ƙarfe in zai raba taya da rim. Gwani sai ya laluɓo bawul tukuna, ya mirgina tayar da ƙafa, ya soma daga can nesa da shi.

Yana da dalili. Da yawa cikin motocin Beljiyam da ake shigowa da su na ɗauke da wata 'yar na'ura kamar kwalin ashana, maƙale a gindin bawul ta ciki, tana auna iska tana sanar da mota. Amurka ta wajabta wa sababbin motoci tsarin gargaɗin iska tun 2007, bayan haɗurran tayoyin Firestone a Ford Explorer, Tarayyar Turai ta biyo baya a 2014. A motar Amurka, da iska ta ragu da kashi ɗaya cikin huɗu, sai wata fitila ruwan ɗorawa mai kama da kofaton doki ta kama a gaban direba. Ƙarfen mai faci ya goce sau ɗaya, ƙas, na'ura ta tashi aiki.

To, a biya ko kada a biya? Ni dai ina biyan ladan wannan hannun ba ciniki, haka ma 'yar robar da ke toshe gindin bawul, wadda zafin rana ke busarwa har iska ta riƙa tsiyaya. Kuɗinta bai taka kara ya karya ba. Batirin na'urar kuwa a liƙe yake, yakan yi shekara 5 zuwa 10, in ya mutu sai sabuwa, sannan a nemi mai kwamfutar mota ya haɗa ta da motar. Nan ne wasu direbobi ke liƙa wa fitilar salatif su huta, kuma ban cika ganin laifinsu ba.

Da sanyin safiyar hunturu fitilar kan kama ba ƙusa ba komai, iska ce ta takure. Gwani ba zai ce a kwance taya ba. Zai buɗe ƙofar direba ya duba takardar da ke jikin ginshiƙi, ya sa geji, ya cika. Sai ya tofa ɗan yawu a bakin bawul ya zuba ido.

"Alhaji, ba ta kumfa. Allah ya kiyaye hanya."