Jinjina ga Masu Rubuta Tarihin Yaƙi a Wikipedia

Ba a biyan su ko sisi, amma editocin sa-kai masu rubuta tarihin yaƙe-yaƙe a Wikipedia aiki suke yi tuƙuru. Wani zai raba dare yana bin littattafai don tantance yawan sojojin da suka mutu a Stalingrad daga 1942 zuwa 1943, domin alƙaluman Rasha da na Jamus sun sha bamban. Ya kawo lambar shafi, wani ya sake dubawa, wani ya gyara taswira. Abin da ya fi taɓa ni, ba su manta da Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma ba, waɗanda suka fafata da Japan a ƙasar Bama, cikinsu har da kakanninmu.