Fasa Ƙwai Ko Rufin Asiri: Sharhi A Kan Wasu Gajerun Finafinai

Gabatarwa

A wannan maƙala ina son in yi tsokaci a kan wasu gajerun finafinai na Afirka masu jigo guda, wato saurayi ko budurwa mai sha'awar jinsinsa, da ranar da iyaye da mutanen gari suka sani. Matsayin addini da na doka a kan luwaɗi da maɗigo sananne ne: jihar Katsina tana bin Shari'a, kuma dokar tarayya ta 2014 ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga auren jinsi. Aikin mai nazari shi ne ya duba yadda aka gina labari, ya kuma auna ko mai kallo a rumfar cajin waya ta Batsari ko Safana zai gane mutanen cikinsa.

Finafinan

Na farko shi ne Stories of Our Lives (2014) na Jim Chuchu daga Kenya, gajerun labarai biyar a hoto baƙi da fari, waɗanda aka tsamo daga hira da mutane na gaske. Hukumar tace finafinai ta Kenya ta haramta shi a shekarar. Na biyu Hell or High Water (2016) na Oluseyi Asurf, labarin matashin fasto mai aure wanda asirinsa ya tonu, aka shiga yi masa addu'ar korar aljanu. Na uku Ìfé (2020) na Uyaiedu Ikpe-Etim, labarin 'yan mata biyu da suka yi kwana uku tare a Legas. An sake shi ta intanet ranar 10 ga Disamba, 2020, saboda babu alamar hukumar tace finafinai za ta bari ya shiga sinima.

Zubi Da Tsari

A ganina na Kenya ya fi sauran nagarta, domin ba ya wa'azi. A labarin 'yan matan sakandare, kallon da shugabar makaranta ke yi masu ya wadatar. Hell or High Water kuwa ya cika gaggawa: cikin kamar rabin awa an cusa aure da coci da iyaye da tsohon masoyi, har matar faston, wadda ita ma an cuce ta, ba ta sami sararin da ya kamace ta ba. Ìfé ya yi dabarar tsare kansa a cikin gida ɗaya, hira ce kawai ke tafiyar da shi, kuma tsoron uwa ya fi komai nauyi a ciki.

Sai dai akasarin irin waɗannan finafinai, musamman na Turai da Amurka, an gina su ne a kan fage ɗaya: yaro ya zaunar da iyayensa ya fasa ƙwai. Wannan fage baƙo ne a gidan Bahaushe. Wanda ko sunan ɗan fari ba ya iya faɗa saboda kunya, wanda zancen aurensa na halal ma sai ya bi ta bakin kawu ko gwaggo, ina zai iya wannan? Mu a wajenmu magana mai nauyi da habaici da zaurance take tafiya, ko kuwa da shiru. Baba ya sani, ɗa ya san baba ya sani, a ci gaba da gaisuwar safe.

Namu Na Gida

To, me namu masu fim suka yi? Ɗan daudu ya daɗe a ƙasar Hausa, a wajen bori da bikin aure da rumfar tuwo-tuwo a tasha. Rudolf Gaudio, wanda ya yi bincike a Kano, ya nuna cikin littafinsa Allah Made Us (2009) cewa da yawansu suna da mata da 'ya'ya, suna salla da azumi, kuma daudanci da luwaɗi ba lalle su zama abu ɗaya ba. Amma a fim, kamar Ibro Ɗan Daudu na marigayi Rabilu Musa, abin da aka fi ba mu shi ne karairaya da tafa hannu da ɗaurin zane. Mu yi dariya, a watse. Ba a nuna mana uwarsa ba, ba a nuna inda yake kwana ranar da aka kore shi ba. Lalle Hukumar Tace Finafinai ta Kano, wadda aka kafa a 2001, ta ƙuntata abin da za a iya nunawa, amma ba ta hana a nuna ɗan Adam a matsayin ɗan Adam ba.

Wannan gibi yana da haɗari. Wanda aka saba yi wa dariya, jifansa ba ya wuya. A Janairun 2014 taron jama'a ya yi ruwan duwatsu a wata kotun Shari'a a Bauchi inda ake sauraron ƙarar wasu da ake zargi, tun kafin alƙali ya yanke hukunci. Alhali Musulunci da kansa ya hana leƙen asirin mutane da ƙazafi, ya kuma tsananta sharuɗɗan shaida.

Kammalawa

Mutanen Batsari da Safana, waɗanda hare-haren Dajin Rugu suka raba dubbansu da ƙauyukansu, ba sai an koya masu zafin rasa gida ba. Fim ɗin da zai taɓa su ba zai zo da tsarin Legas ba. Zai iya zama minti goma sha biyar kacal: jita-jita ta taso a kan yaro, samari sun taru a ƙofar gida, uba yana tsaye a zaure, Hausawa kuma sun ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Abin da uban nan zai yi shi ne labarin. Ina kira ga 'yan'uwa ɗalibai masu rubuta wasan kwaikwayo su gwada alƙalaminsu a nan, malamanmu kuma su yi mana gyara. Allah ya sa mu dace.