Wane Koci Ne Gwani? Nazari Kan Masu Tayar da Ƙungiyoyin da Suka Durƙushe

Duk shekara idan watan Maris ya kama, aka fara gasar ƙwallon kwando ta jami'o'in Amurka, masu sharhi kan dawo da tsohuwar muhawarar nan ta wane koci ya fi wane. Ma'auninsu ɗaya ne: kofi nawa mutum ya ɗauka. Da wannan ma'auni suke ɗora John Calipari a sama, domin ya je Kentucky a 2009, ya ci kofi a 2012. Su kuma masu ginin tsaro da haƙuri sai a ce wasansu ba daɗin kallo. Wannan hukunci ne na wanda ya kalli inda aka isa, bai tambayi inda aka taso ba. Kentucky gida ne mai suna, mai kuɗi, wanda hazikan yara ke rububin shiga. Wanda ya tarar da rijiya cike da ruwa ba a haɗa shi da wanda ya haƙa tasa a kan dutse.

Tarihin masu haƙa kuwa sananne ne. Mike Krzyzewski ya karɓi Duke a 1980, ya sha kashi sau 17 a kowace daga cikin kakarsa ta biyu da ta uku, bai ɗauki kofi ba sai 1991. Jim Calhoun ya isa Connecticut a 1986, kofinsa na farko ya zo a 1999. Scott Drew ya tarar da Baylor a 2003 cikin makoki da abin kunya, bayan wani ɗan wasa ya kashe abokin wasansa, daga baya kuma hukumar wasannin jami'o'i ta NCAA ta ɗora wa jami'ar takunkumi. Sai a 2021 ya kai ta ga kofi. Tony Bennett ya ɗauki shekara goma a Virginia kafin nasarar 2019.

A cikinsu duka, wanda aikinsa ya fi cancanci a zauna a duba shi ne Kelvin Sampson na Houston. Wannan ita ce jami'ar da Hakeem Olajuwon, ɗan Legas, ya kai wasan ƙarshe a 1983 da 1984. Daga nan sai ta yi dogon barci: ba ta sake cin ko wasa ɗaya a gasar ba sai 2018. Sampson ya zo a 2014, ya ƙare kakarsa ta farko da nasara 13 da rashin nasara 19. Ya san yaran da suka fi iya jefa ƙwallo ba za su zo masa ba, don haka ya gina komai a kan abin da ake iya koya wa kowane yaro mai zuciya, wato cafke ƙwallon da ta kuskure raga.

Ga yadda abin yake. Da zarar ɗan Houston ya saki ƙwallo, abokansa ba sa tsayawa kallon ko za ta shiga. Tun tana sama, uku ko huɗu sun riga sun doshi ƙarƙashin kwando. Wannan ya sa kafaɗa ya ture mai tsaronsa, wancan ya zagaya ta bayan layi ya ɓullo ta ɗaya gefen, domin ƙwallon da aka jefa daga gefe ɗaya takan faɗa ɗaya gefen. Wanda hannunsa biyu bai kai ba sai ya doke ta da yatsu zuwa waje inda ɗan'uwansa ke jira. A wajen atisaye har rufe bakin kwandon Sampson yake yi, ta yadda babu ƙwallon da za ta shiga, kowace jifa ta zama kokawa. Yaro ya saba da cewa kuskure shi ne mafarin aiki.

Amfanin wannan a lissafi yake. Doka ta ba kowace ƙungiya daƙiƙa 30 ta kai hari. Idan ta jefa ta kuskure kuma ta sake cafkewa, za a mayar mata da agogon zuwa daƙiƙa 20. Ke nan abokin karawa da ya gama tsaro mai kyau, ya gaji, sai ya ga an ce ya sake daga farko. Ƙungiyar da ba ta da ƙwararrun masu jifa tana rama wannan rashi da yawan jifa, tana kuma cinye lokacin da abokin karawa zai yi amfani da shi. A wasa na minti 40, irin wannan gajiyarwa tana taruwa. An ga haka a wasan kusa da na ƙarshe na 2025. Duke, da tauraronta Cooper Flagg, ta yi gaba da maki 14. A daƙiƙun ƙarshe Joseph Tugler ya bi ƙwallon da ta kuskure ya danna ta cikin raga, sannan aka yi wa J'Wan Roberts ƙeta wajen kokawar cafke wata, ya ci jifan da aka ba shi. Houston ta yi nasara da 70 da 67.

Masu suka za su ce ai Florida ta doke Sampson a wasan ƙarshe da 65 da 63, har zuwa 2025 bai ɗauki kofi ba. Maki biyu a dare ɗaya ba za su goge aikin shekara goma sha ɗaya ba. Wasu kuma na cewa zamanin haƙuri ya wuce, tunda daga 2021 an yarda 'yan wasa su karɓi kuɗin talla, sauya jami'a kuma ya yi sauƙi, har Rick Pitino ya farfaɗo da St. John's cikin kaka biyu. Gaskiya ne, amma yaran da kuɗi ya tara, kuɗi na iya watsa su baɗi. Ɗabi'ar da aka dasa a filin atisaye ita ce ke zama, tsofaffin ɗalibai su miƙa wa sababbi.

Saboda haka, wanda zai kwatanta kociyoyi ya fara da tambayoyi uku: me mutum ya tarar, da me ya yi aiki, me zai rage idan taurarinsa sun tafi. A kan wannan ma'auni Drew da Sampson suna gaban Calipari, kuma Sampson ne ya fi nuna wa masu ƙaramin ƙarfi hanyar da za su iya bi.