Sharhi Kan Darasin "Kuɗi" a Littattafan Koyon Hausa

Littattafan koyon Hausa da yawa kan kawo hirar matafiyi da ɗan canji, amma ƙidayar da suke koyarwa ta naira ce kawai. Wannan naƙasu ne babba, domin ba kowane Bahaushe ke lissafi haka ba.

A Nijar da dala ake ƙidaya, dala ɗaya kuwa sefa 5 ce. Dala ashirin na nufin sefa 100, jika ɗaya sefa 1,000. A Kano, jaka tana nufin naira 200, gadon lokacin da take fam 100, kafin naira ta maye gurbin fam a 1973. Ɗalibin Maraɗi da ya fara zuwa kasuwar canji ta Wapa da guzurinsa, ya ce "jika biyar", shi da ɗan canjin kowa da adadin da ke ransa. Darasin bai shirya shi ga wannan ba.

Hirarrakin sun dace wajen gaisuwa da ciniki. Sai dai duk biyan da ke cikinsu na tsaba ne, alhali ƴan kasuwar Kano yanzu kan tambayi mai saye ko zai tura ta waya ko zai sa kati.